Katanga a Bakin Ruwa: Sutura ce ko Ƙwace?

  

Shekara 14 ke nan ina zama a gefen tabarmar wani dattijo daga cikin dattawan Birketiri, littafi a cinya, alƙalami a hannu, ina rubuta abin da masu ƙara suka faɗa da abin da aka sulhunta a kai. Rikicin aure ya shigo zauren nan, na gado ya shigo, bashin 'yan kasuwa da na masu haya duk sun shigo. Amma da za a ce in buɗe littattafan nan in fitar da abin da ya fi raba maƙwabci da maƙwabci, har su daina amsa wa juna sallama a ƙofar masallaci, to katanga zan fitar. Cikin katangun kuma, wadda ta fi dafi ita ce ta bakin ruwa.

A ƙarshen daminar bara wata baiwar Allah ta zo zaure. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da keken ɗinki. Gidanta yana can ƙasa, inda unguwa ke gangarawa ƙorama. A ɗaya gaɓar, wani attajiri daga cikinmu ya sayi tsohon gida, ya cire dangar kwano da ya tarar, ya ta da katangar bulo. Da a kan sawun dangar ya ɗora ta, da ba wanda zai ji labari. Sai ya sa aka tura harsashin kamar mita 2 cikin hanyar ruwa, aka cike bayansa da marmara, tsakar gida ta ƙara faɗi, mota ta sami wurin kwana. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar ciniki. Daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Oktoba, ya taho daga tudu da ƙarfinsa, ya daki katangar, ya juya ya faɗa ɗakin marayu. Katifa, buhun shinkafa, littattafan makarantar yara, atamfofin mutane da aka kawo ɗinki, duk a cikin laka suka kwana.

Da aka kira mai katanga, ya zo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaida dattijo, ya ce: "Baba, iyalina nake suturtawa. Ashe mun kai zamanin da Musulmi zai rufe gidansa a kawo ƙararsa?" Dattijo ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Alhaji, da ka ja ta baya da mita biyun nan, matanka a fili za su kwana?" Alhaji ya sunkuyar da kai, ya yi alkawarin zai duba. Har yau yana dubawa.

Da a zaure maganar ta tsaya, da ban ɗauko ta zuwa wannan shafi ba, domin abin da aka faɗa a zaure amana ne, shi ya sa ma ban kama sunan kowa ba. Abin da ya ta da ni shi ne saƙonnin murya da ke yawo a wayoyinmu cikin makonnin nan, masu cewa duk katangar bakin ruwa da aka shafa wa jan fenti, yaƙi ne ake yi da Hausawa da Musulunci. Wai so ake a tone asirin matanmu. Wai duk wanda ya ce a matsa katanga ɗan koren hukuma ne. An faɗa mini haka ido da ido a bakin masallaci, kuma wanda ya faɗa ɗan abokina ne, na halarci sunansa. Ban ji haushinsa ba. Na ji haushin waɗanda suka san gaskiya, suka ɗauki rigar addini suka lulluɓe mita biyun da suka ci, suka bar yara suna yi musu ihu kyauta.

Bari in fara da abin da ba mu da saɓani a kansa. Bahaushe bai san gida ba katanga ba. Tun daga darnin kara da zana na ƙauye har zuwa katangar tubali ta Kano da Zariya da Katsina, gida a wurinmu abu ne mai ciki da waje: zaure inda baƙo ke tsayawa, shigifa, sannan tsakar gida inda mace za ta yi daka, ta yi wanki, ta shayar da ɗanta ba tare da ta nemi mayafi ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar fatauci ta Adamawa, ta Tibati da Yoko, har suka sauka Yawunde a zamanin Jamus, da wannan tsari suka zo, kamar yadda suka zo da allo da tasbaha. Ran da wata hukuma za ta ce kowane gida sai ya yi shingen ƙarfe mai ɓuli wanda mai wucewa zai hango tsakar gida ta cikinsa, ni zan fara rubuta takardar ƙin yarda, in bi gida-gida in karɓi sa hannu. Ba wannan ake magana ba.

Sutura a tsawo take, ba a faɗi ba. Katangar da ta fi tsawon mutum tana kare ido ko a ina aka kafa ta, a kan iyakarka ko a bayan iyakarka. Takun da aka ƙara zuwa cikin ruwa bai rufe gashin mace ko ɗaya ba. Fili ya ƙara, kuma filin ba na mai katanga ba ne.

Masu fakewa da addini su zo mu buɗe littattafan da muka durƙusa gaban malamai muka karanta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka a kansa. A cikinta kuma akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja ruwa ta cikin ƙasar Muhammadu ɗan Maslama. Mai ƙasa ya ƙi, Sayyidina Umar ya lallashe shi ya ƙi, daga ƙarshe ya tilasta aka wuce da ruwan. Na san malamai sun yi magana a kan ko alƙalin kowane zamani zai yi irin wannan tilas, kuma ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Amma ku dubi nisan da ke tsakanin mas'alolin biyu. Can ana maganar shigo da ruwa cikin ƙasar da mutum ya mallaka halaliyarsa. Nan kuwa ruwa ne ke bin hanyarsa tun kafin a haifi kakan mai katanga, shi ya taso ya tare shi. In har an tilasta wa sahabi a cikin gonarsa, mece ce hujjar wanda ya shiga gonar ruwa?

Muktasar na Shehu Halilu, wanda ba a kiran mutum masanin fiƙihu a ƙasar Hausa sai ya ratsa shi, ya kawo hukuncin rushe ginin da ya ci hanyar jama'a, har ya ƙara da cewa ko da bai cutar da masu wucewa ba. A babi guda kuma ya kawo hukuncin toshe tagar da aka buɗe tana leƙen gidan maƙwabci. Ku lura da kyau: alƙalamin da ya kare suturar matanka, shi ne dai ya hana ka cin abin jama'a. Ba ka da ikon karɓar rabin hukunci ka mayar da rabi. Akwai kuma abin da fiƙihu ke kira harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko ƙorama ko gari, wanda amfaninsu ba ya cika sai da shi, kuma wani ba ya zuwa ya mallake shi da sunan raya matacciyar ƙasa. Imamu Malik bai yanka wa harimin rijiya zira'i kaza ba. Ma'auninsa shi ne duk abin da zai cutar da ruwan ko ya ƙuntata wa masu zuwa gare shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, kuma harimi yana cikin abin da ya tattauna. A Tunis ma, a ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tara hukunce-hukuncen katanga da taga da indararo da magudanar ruwa a littafi guda. Wajen shekara 700 ke nan. Saboda haka duk wanda ya ce hana gini a hanyar ruwa baƙuwar doka ce Nasara ya kawo, bai san gadon gidansu ba.

Sannan mu dubi ƙasar da muke kai, domin da yawa cikinmu suna gini kamar a filin Katsina suke. Yawunde gari ne na duwatsu da kwaruruka, mai damina biyu a shekara, ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba. Unguwarmu, wadda Ewondo masu ƙasa ke kira Ekudu, tana zaune tsakanin ƙoramu biyu, Abiyarge da Ekozowa, waɗanda ke haɗuwa wajen Warda su gangara Mfundi. Duk ɗigon da ya sauka a kwanon rufinmu can ya nufa. Kowace katanga da aka tura cikin ƙorama shaƙe wuyan ruwa take yi. Ruwan da aka shaƙe sai ya taru a baya ya hau, a gaba kuma ya ƙara gudu ya ci gaɓar da ta fi taushi, wadda kusan kullum ta talaka ce, domin shi ne ba shi da kuɗin siminti da rodi. In maƙwabcin ya sami hali, shi ma sai ya tura tasa don ya kare kansa, na gaba ya bi, har ƙoramar da yara ke kamun kifi a cikinta a zamanin iyayenmu ta koma lambatun da leda da robobi ke toshewa cikin dare ɗaya. Bankin Raya Afirka ya zuba kuɗi aka gina wa Mfundi magudanar kankare ta kilomita 3.5 a kashin farko na aikin tsabtace Yawunde, saboda ambaliyar da ke cinye titin Kenedi da wajen babban gidan waya. An buɗe wa ruwa ƙofa a can ƙasa, mu kuwa muna ta rufe masa a nan sama.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna daren Lahadi, 8 ga Oktoba 2023. Mbankolo ba wata duniya ba ce, a ƙaramar hukumarmu take, Yawunde ta Biyu. A jikin dutsen akwai wani tsohon tafki da aka tare da madatsa. Aka yi ruwa mai yawa, madatsar ta ɓalle, ruwa da laka da duwatsu suka gangaro a kan gidajen da ke ƙarƙashinta. Mutum kusan 30 suka rasu, har da ƙananan yara. Allah Ya ji ƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Ban kawo wannan don in ɗora wa mamata laifi ba. Yawancinsu rashi ne ya kai su kwari, ba kwaɗayi ba. Na kawo ne don mu ga abu biyu da idonmu: bango ba ya cin ruwa da kokawa har abada, kuma bayan 'yan kwanaki katafila ta zo ta bi ta kan gidajen da ruwan ya bari.

Yanzu ga doka, domin yawancin masu saƙon murya ba su taɓa ganin bangonta ba, ni kuwa aiki ya tilasta mini zama da ita, ina tuntuɓe da Faransancina na koyon girma. Ranar 6 ga Yuli 1974 Shugaba Ahmadu Ahijo ya sa hannu a kan dokokin ƙasa waɗanda har yau su ne ginshiƙi. Ta biyu a cikinsu ta lissafa abin da yake dukiyar jama'a: kogin da jirgi ke bi, tare da mita 25 daga iyakar cikarsa, fadamu, ban da waɗanda aka gyara aka yi shuka, ƙananan ƙoramu har inda ruwa ke kaiwa in sun cika baki, tafkuna na halitta har iyakar mafi girman cikarsu. Ta kuma ce irin wannan dukiya ba a sayar da ita, ba a kuma mallakarta da daɗewar zama. A nan akwai abin da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Mita 25 ɗin nan da ake tsorata mutane da ita, a wannan doka ta manyan koguna ce irin su Binuwai a Garwa. Wanda ya zo maka da ita a bakin ƙaramar ƙorama, ka nemi ya nuna maka takardar da ya dogara da ita, domin in akwai wani ma'auni, a tsarin birni zai fito, ba a bakinsa ba. Wannan mai daɗin ji ke nan. Mai ɗacin kuwa shi ne, cikin ƙorama da fadama ba su zama naka, ko da kakanka ne ya sare dajin wurin.

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta ƙara da cewa filin da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya ko zaftarewa ba a gini a kansa, kuma mai son yin gini, ko da marar harsashi ne, sai ya nemi izinin magajin gari. Ta farko a dokokin 1974 ta soke cinikin filin da ba shi da titir fonsiye da sunan mai sayarwa, ta kuma ce cinikin fili sai a gaban notar. Dokar 1985 ta karɓar fili don amfanin jama'a ta ce babu diyya ga ginin da aka yi a kan saɓa ƙa'ida. Ku haɗa waɗannan wuri ɗaya ku ga inda muke. Takardar da ake rubutawa a zaure, shaidu huɗu su dangwala, wadda ni kaina na rubuta irinta ba adadi, tana da nauyi a tsakaninmu da kuma wurin Allah, amma ran da katafila ta shigo lungu ba ta tsayar da ita ko na minti ɗaya. Alhajin da ya narka miliyoyi a katangar da ke tsaye cikin ruwa, kuɗinsa ya zuba a abin da shari'a ta ce a rushe, doka ta ce ba diyya.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini: "To manya fa? Je ka Tafkin Birni ka gani." Na je. Tafkin nan ba halitta ba ne. Faransawa suka tare ƙoramar Mingowa a farkon shekarun 1950 ya taru, faɗinsa bai kai hekta 10 ba. A kewayensa ma'aikatun gwamnati suke, da Otal ɗin 'Yan Majalisa, da gidan Firayim Minista. Shekara da shekaru ƙazantar gidajen Mesa da unguwannin da ke samansa tana kwarara ciki har ya koma kore, ciyawa ta ci gefensa, kafin a ɗauko wani kamfanin Sifaniya ya yashe shi ya gyara bakinsa. Tafiyar rabin awa ce a ƙafa daga nan, amma yara nawa ne a Birketiri suka girma ba su taɓa zama a bakinsa ba? Kuma ba sai an je can ba. Duk wanda ke yawo a birnin nan ya ga manyan gidaje masu katanga da waya mai ƙaya a ka, zaune daram a cikin fadamar da aka cike da ƙasa, jikinsu fes, ba ɗigon jan fenti.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma ba hujja ba ne. Ruwan da katangar Alhaji ta juya bai tafi gidan minista ba, ɗakin marayu ya shiga. Ba a rama zaluncin babba a kan bazawara. In ɓarawon da ya fi ka ƙarfi ya tsira, wannan bai halatta maka akuyar maƙwabciyarka ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma mu mun ƙware wajen taka namu.

Duk da haka, masu iko su ma ga nasu, kuma ba zan sassauta ba don ina tsoron a ce na ɓata wa dattijona suna. Dokar da ke gani da ido ɗaya ita ke haifar da saƙonnin muryar nan. Na ga da idona wasu masu riƙe da takarda sun shigo lungu da gwangwanin fenti, suka shafa wa katanga uku alama, suka shiga zauren mai ta huɗu, wadda ta fi sauran cin ruwa, suka fito suna dariya da gwangwaninsu a rufe. Bayan wannan, da wane baki zan ce wa saurayi doka ce ba cin zali ba? In ana son mutane su girmama bakin ruwa, a zo a kafa turakan siminti a nuna iyaka tun kafin a sauke yashi, ba a bari sai mutum ya gama gini ya shafa fenti sannan a zo masa da ja ba. A rubuta ma'aunin a liƙa inda kowa zai gani, a fassara shi a karanta a masallatai da coci-coci, ya zama igiyar da aka auna Birketiri da ita, ita za a auna Bastos. A fara rusau daga katangar da ta fi tsada, a ga in talaka zai yi gardama. Sannan a bambanta wanda ya shiga kwari don ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa da wanda ya shiga don motarsa ta sami inuwa. Na farko wurin zama yake buƙata kafin a taɓa rufinsa; na biyu guduma kawai yake buƙata.

Ba mu manta ba. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka ta da unguwar Hausawa daga tsakiyar gari a zamanin Faransa, a shekarun 1930, aka kawo ta nan kusa da inda ake gasa tubali, wanda daga gare shi unguwar ta sami suna. Mu kuma mun ga rusau na Ntaba a 2008, a zamanin Gilbert Tsimi Evouna, mun ga abin da ya sami gefen unguwarmu na wajen Warda a shekarun da aka gina babban zauren wasanni da aka buɗe a 2009. Wanda ya ga mata zaune a kan tarkacen ɗakunansu da tukwane a gaba, ba za a ce masa tsoronsa na banza ne ba. Amma wannan tsoro ne ya kamata ya sa mu fi kowa kiyayewa. Wurin da aka kawo kakanninmu don yana bayan gari, yau ya zama cibiyar gari, kuma idanu da yawa suna kansa. Gidaje nawa ne a cikinmu suke da titir fonsiye? Kowa ya san amsar a zuciyarsa. Mai son ya ga an share Birketiri ba ya buƙatar ya zage mu ko ya taɓa addininmu. Rahoto guda yake buƙata mai cewa unguwar nan wurin haɗari ce, ruwa na cin mutane a cikinta. Duk wanda ya tura katanga cikin ƙorama, shi ke rubuta masa wannan rahoto da hannunsa, layi bayan layi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma katafila in ta zo ba ta tambayar wa ya ci mita 2, wa ya tsaya a kan iyakarsa.

Masu zuwa Kano ziyara su tambayi tsofaffin cikin birni labarin kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje, su kuma suka riƙa shanye ruwan damina. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana yanka filaye, yau ruwan da ya rasa masauki a ɗakunan mutane yake sauka. Can ma ba baƙo ne ya yi musu ba.

Maganata ta fi nauyi a kan mutum uku. Magini, wanda ya san sarai inda ruwa ke kaiwa domin ƙafarsa a cikin laka take lokacin da yake haƙa harsashi, amma ya yi shiru don kada aiki ya kuɓuce. Ya sani shi ma yana da kaso a cikin katifar marayun nan. Sai liman, wanda ke hawa mumbari ya yi huɗuba a kan tsawon wando da faɗin mayafi, bai taɓa yin ko ɗaya a kan harimin ruwa da haƙƙin hanya ba, alhali babin yana cikin littafin da ke ɗakinsa. Ko don masu katangun su ne masu sayen tabarmin masallaci, Allah ne masani. Sai mu na zaure, kuma ban cire kaina ba. Sau nawa aka kawo mana irin wannan ƙara muka ce a yi haƙuri, maƙwabtaka ce, aka ba mai rauni jaka 20 ya sayi katifa, katanga ta ci gaba da tsayuwa, muka shafa fatiha muka kira shi sulhu? Na koma littattafaina na duba, na ga hannuna a ƙarƙashin irin wannan sulhu fiye da yadda zan so in faɗa. Wanda ake cuta kullum shi muke ba haƙuri, domin shi ne ba zai ɗaga mana murya ba.

Abin da na roƙi dattijona, kuma ya karɓa, shi ne daga yanzu duk takardar cinikin gidan da ke bakin ƙorama da za a rubuta a zaurenmu, sai an je da igiya an auna daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika, an rubuta awon a cikin takardar, maƙwabcin ɗaya gaɓar ya sa hannu a matsayin shaida. Wannan ba ya maye gurbin notar ko izinin gini, amma yana hana mutum ya ce bai sani ba. Sauran zauruka in sun ga da kyau su ɗauka, in suna da wadda ta fi ta su kawo mu bi.

Ita kuwa mai keken ɗinki ta sake zuwa ranar Asabar. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta gaida dattijo, ta juyo ta ce da ni: "Malam, ka rubuta cewa na zo." Na rubuta. Dattijo ya aika a kira Alhaji bayan sallar Juma'a mai zuwa, tare da maginin da ya yi masa aikin. Turaka biyu na tsohuwar dangar kwano suna nan cikin tsakar gidansa ba a tumɓuke su ba, kuma tsofaffi uku sun yarda za su zo su nuna inda ruwa yake kaiwa kafin a yi katangar. Igiyar awo tana wurina. Saura mako 6 Satumba ta kama.